Gaisuwar Baffa Sava

Briketeri, Yawunde

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa tafiyar nan da ka sa a gaba ta zama alheri gare ka da mu baki ɗaya. Allah Ya kiyaye hanya, ta ƙasa da ta sama, Ya tsare ka gaba da baya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba, amin.

Za ka yi mamakin mutumin da kuke kwana gida ɗaya da shi ya rubuto maka wasiƙa. Tun da takardun tafiyarka Faransa suka fito nake ƙoƙarin yi maka maganar nan da baki, amma duk lokacin da na kira ka zaure sai in ji ina tambayarka ko ka sayi rigar sanyi. Ni mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tebur, hannuna ya fi bakina iya magana. Ka karanta ta kafin ranar tafiya, ka kuma tafi da ita.

Innarka tana tsoron sanyi, da giya, da naman da ba a yanka ba. Ni ba su nake tsoro ba, na san tarbiyyarka. Abin da nake tsoro shi ne wata rana abubuwa su lalace maka a can, ka aiko mana cewa lafiya lau, mu kuma mu yarda, shekara ta bi shekara, har ka rasa bakin da za ka dawo gida da shi. Haka ya faru da yayana Garba, wanda kuke kira Baffa Sava. Na san labaransa ne suka sa maka son ƙasar can tun kana ƙarami. Ka ji rabon da ya ba yara. Yanzu ga sauran, kuma a cikinsa akwai nawa kurakuran, domin ba na so ka maimaita su.

Mahaifinmu maɗinki ne, kamar yadda ka sani, kakanninsa daga Kano suka gangaro da fatauci, mu kuwa nan aka haife mu. Garba shi ne a kan keken ɗinki tun yana saurayi, hannunsa da kyau, amma yana da hali ɗaya da ke ɓata wa mahaifinmu rai: gaisuwa. In an aike shi sayen zare a bakin titi da hantsi, sai an kira azahar zai dawo. Kowace ƙofa sai ya tsaya. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki, ya kasuwa, ya ƙafar nan da ta kumbura. Mahaifinmu yakan ce masa, “Zare na aike ka, ko ƙidayar unguwa?” Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai matar mai soya, mai tsiren nan, ta haihu, tsohon ladan kuma haƙori ya hana shi barci.

Ni aka kai lekol, makarantar Turawa, don allura ba ta zama a hannuna. A can na yi kuskurena na farko. Wata rana malaminmu, Bafaranshe, ya hango dattawa biyu ta taga sun durƙusa suna gaisawa. Ya kira mu mu gani. Ya ce wannan shi ake kira salamalek, kuma mutanen da ke ɓata safiya wajen tambayar gajiya ba za su taɓa gina gada ba. Aji ya yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi, alhali ɗaya daga cikin dattawan nan shi ya raɗa mini suna. Daga ranar na fara datse gaisuwa. In an ce mini ina kwana, in ce lafiya ina tafiya. Na yi rayuwata duka ina gajeriyar gaisuwa, Habibu, har yau ban ga gadar da na gina ba.

Don haka ka koyi harshensu har ka fi ni, ka koyi aikin injin da za su koya maka har ka fi su. Amma in sun yi wa wani abu namu dariya, kada ka yi saurin taya su. Ka bari ka fara sanin amfanin abin tukuna. Wanda ya koya maka rainin gidanku ba zai ba ka ɗaki a nasa ba.

Da babban yaƙin Turawa ya zo, aka ɗebi samari, Garba yana ciki. Ba zan ce maka tilas aka yi masa ba. Yana son ganin duniya, irin son da kake yi. Suka yi arewa, suka ratsa hamada, daga baya aka tsallakar da su teku. Da ya dawo, ya dawo da igiyar kaporal, da lambar yabo a ƙirji, da yatsu biyu na ƙafar hagu da sanyi ya cinye. Gida ya cika. Kakarka Iya ta zaunar da shi a gabanta a kan tabarma, ta kama hannunsa ta fara daga farko.

“Sannu da zuwa, Garba. Ina hanya?”

Ya ce, “Sava, Iya.”

“Ina gajiya?”

“Sava.”

Ta juyo ta dube ni ta ce, “Isa, wace ce Savan nan da yake ta kira? Aure ya yi a can bai faɗa ba?”

Aka yi ta dariya, shi ma ya yi. Kafin mako ya zagayo yaran unguwa sun laƙaba masa sunan, bai kuma rabu da shi ba har kabari. Ni kuwa murna na yi. Na ce yayana ya waye. Mutumin da ke cinye safiya da gaisuwa ya dawo da ça va, wato Savan nan ta Faransanci, kalmar da ita ce tambayar ita ce amsar, ka jefa ta ka wuce. A lokacin na zama akawu kuma tafinta a ofishin Turawa, ina da keke da agogo, sai nake jin daɗin in yi Faransanci da shi a gaban mutane.

Ban tsaya na tambayi kaina abin da zai sa mutum kamar Garba ya gajarta magana ba. Wannan shi ne kuskure na biyu. Kullum da safe yana zaune a zaure, ni ina fitar da keke. Wata safiya ya ce mini, “Isa, zauna mana.”

Na ce, “Na makara, Yaya.”

Ya ce, “Akwai wani mutumin Marwa da muke rami ɗaya da shi. Ranar da ƙanƙara ta sauko...”

Na dubi agogo. Ba da mugunta ba, hannuna ne kawai ya saba. Ya gani. Na ce masa da yamma za mu yi hira, ya ce to. Da yamma na same shi cikin abokai yana ba su labarin yadda Turawa ke cin kwaɗo, suna ta riƙe ciki. Bai sake ɗaga maganar ba, har ya mutu ban san sunan mutumin Marwan nan ba, ban san abin da ya same shi a ramin ba.

In mutum ya ce maka zauna, ka zauna. Ofishin da nake gudu kada in makara masa, shi bai yi jinkirin mantawa da ni ba. A can ma za ka haɗu da ’yan ƙasarmu, Bahaushe ne, Bafulatani ne, mutumin kudu ne, kada ka bambanta. Wanda ya fara maka labari ya tsaya a tsakiya, kada ka cike masa shirun da taka maganar. Ka jira.

Garba bai iya komawa ɗinki ba. Ka san ƙarar layin maɗinka in kekuna suka tashi gaba ɗaya, kamar ta bindigogi. Sai gumi ya karyo masa, ya ajiye riga a ƙarƙashin allura ya fita waje. Mahaifinmu ya ce soja ta koya masa lalaci. Bayan mahaifinmu ya rasu sai ya sauka Duwala, ya sami aiki a jirgin ruwa, yana zuba gawayi a wuta a can ƙasan jirgi. Daga nan ya zauna a Marsai ta ƙasar Faransa yana dako a tashar jiragen ruwa. Ya yi shekaru masu yawa a can.

Bai iya rubutu ba, saboda haka saƙonsa na baki ne. Ma’aikatan jirgi in sun sauka Duwala, wanda ya hawo Yawunde sai ya biyo ta gidanmu: Garba yana gaishe ku, yana nan lafiya. Wani lokaci da turare, wani lokaci da mayafi don Iya. Ni kuma in je ofis in ce yayana yana Faransa, in faɗa da ƙarfi yadda sauran akawuna za su ji. Lafiyarsa ado ce a gare ni, shi ya sa ban taɓa bincikar ta ba.

Sai wata shekara wani Malam Bello, mutumin Garwa da ke dafa abinci a jirgi, ya yi sallama a ƙofa. Na shigar da shi zaure muka gaisa, irin gaisuwata. Na ce, “Ina labarin Yaya Garba?” Ya dubi tabarma ya ce, “Yana nan da sauƙi.”

Habibu, ko yaron da bai yi kaciya ba a unguwar nan ya san abin da ake nufi in an ce mutum yana nan da sauƙi. Ana faɗar haka a kan wanda ke kwance, ana faɗa a kan wanda aka fara sauya wa makwanci. Amma ni a lokacin kaina ya zama na tafinta. Duk abin da aka faɗa mini sai na juya shi Faransanci kafin in fahimta. Na juya, ya ba ni ça va mieux, wato ya ji sauƙi. Na ce a raina mura ce ya yi ta wuce. Malam Bello ya sha ruwan da aka kawo masa, ya ajiye kwanon, yana jiran tambaya ta gaba. Ni kuwa na yi masa godiya na miƙe. Baƙo ba ya zama in mai gida ya tashi.

Na shiga na ce wa Iya lafiyarsa ƙalau. Innarka, tana amarya a lokacin, ita ta kawo ruwan, ta ji komai. Da muka keɓe ta ce, “Malam, mai lafiya ba a cewa yana nan da sauƙi.” Na ce mata a Faransa asibiti ya fi gidan gwamna kyau, ta bar abin da ba ta sani ba. Ta bari. A daidai lokacin nan baffanka yana kwance a asibitin masu ciwon ƙirji, wata da watanni. Malam Bello ya koma da jirginsa. Da na ce ya gaya masa ya dawo gida ko da rigar jikinsa, da ya isar. Saƙon da na ba shi shi ne muna nan lafiya lau. Iya ba ta sake ganin ɗanta ba.

Kada karatu ya toshe maka kunnen da aka haife ka da shi. Maganar gida ka ji ta da kunnen gida. In kuma wanda kake ganin ka fi shi sani ya ce maka ba haka ba ne, ka ƙara tambayarsa kafin ka rufe masa baki. Innarka ba ta taɓa tuna mini da ranar nan ba, wannan kuwa ya fi mini nauyi fiye da in ta yi ta faɗa.

Dawowarsa kai ma ka tuna. Bayan an sami ’yancin kai ne, kana ƙarami. Akwati ɗaya, da tari, da babbar rigar sanyin nan da ku uku kuke shiga ciki ku yi ta yawo a tsakar gida kamar dodo. Ya zauna a ɗakin kusa da zaure. Ya ba ku labarin fitilun tashar jirgi, da burodi mai tsawon hannu, da kukan jirgi in zai tashi, yana kwaikwaya har tari ya kama shi. Bai yi muku ƙarya ko ɗaya ba. Zaɓa ya yi.

Ni ma da a kan rabon yara zan tsaya, ba don abin da ya same ni ba. Da Turawa suka tafi na ɗauka lokacinmu ya zo, mu da muka riƙe ofisoshin nan tun babu kowa. Sai aka kawo wani yaro da takardar diploma daga Faransa aka ba shi teburina. Ni na koya masa yadda ake naɗe takarda a sa a ambulan. Ni kuma aka tura ni ɗakin tsofaffin fayiloli, inda ɓeraye ne kaɗai ke buƙatar tafinta. Ban gaya wa kowa a gida ba. Ba zan ɓoye maka ba, har yau in na wuce ta gaban ginin nan sai na ji ɗaci a bakina, kuma ba na jin zai tafi.

Wata rana bayan la’asar, ruwa yana dukan kwano, na shigo da keke a jiƙe. Baffanka yana zaure. Ya nuna mini tabarma. A karon nan ba ni da inda zan makara, sai na zauna. Ya gyara zama ya fuskance ni kamar baƙo.

“Ina wuni, Isa?”

“Lafiya lau.”

“Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Ya iyali?”

Na ce, “Yaya, gida ɗaya muke.”

Ya ce, “Na sani. Ya iyali?”

“Lafiya lau.”

“Ya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara.”

“Ina aiki?”

“Aiki da godiya.”

Daga nan bai ƙara ba. Ya juya yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Ni kuma ban san lokacin da na fara magana ba. Na gaya masa komai, har da abin da ban gaya wa kaina ba, cewa na sayar da harshena da unguwata don kujerar da ba a taɓa nufin a bar mini ba. Bai ba ni shawara ba. Da na gama ya ce, “Tun daga ba gajiya na ji muryarka ta karkace. Kai da karatunka kana tsammani don amsa ake tambaya? Amsar ai kowa ya san ta. Murya ake saurare. Shi ya sa ake jan ta da tsawo, mutum yana iya riƙe murya a tambaya ɗaya ko biyu, amma ba ya iya riƙe ta har ƙarshe.”

Na goge fuska na ce, “To Yaya, ina Marsai?”

Ya yi dariya har sai da na bubbuga masa baya. Ya ce, “Sai yanzu, tafinta?”

A ranar na ji sauran. Ɗaki ɗaya su da yawa, gado na karɓa-karɓa, mai aikin dare ya tashi mai aikin rana ya kwanta a kan ɗuminsa. Zafin wutar jirgi da ke toye gashin hannu, sannan sanyin bakin teku da ke shiga ta wurin yatsun da babu. Ya ce duk wannan mutum yana sabawa. Abin da bai saba da shi ba shi ne ça va. Mutum ya jefo maka ita yana tafiya, kafin ka buɗe baki sai ƙeyarsa kake gani a kwana. Ya ce, “Da na dawo daga yaƙi na so kalmar nan, don na sami inda zan ɓuya. Da na koma can sai na tarar kowa a cikinta yake ɓuya, babu mai neman kowa.”

Ka san abin da yake yi a ƙasan jirgi? In ya ɗauki shebur sai ya fara gaida Briketeri. Ya fara daga ƙofar gidanmu, ya gangara wajen masu soya, ya bi layin maɗinka, ya tsaya a masallaci, ya haura har inda unguwa ta haɗu da Tsinga. Kowace ƙofa ya yi sallama, ya tambaya, ya amsa wa kansa da muryar mai gidan, har da tarin tsohon ladan. Abokan aikinsa suna tsammani addu’a yake yi, ba sa katse shi. Da ya koma dako ma bai daina ba. Da yake labarin mutuwa ba ya isa da wuri, ya daɗe yana gaida mutanen da ke kabari. Iya ma ya daɗe yana gaishe ta bayan mun binne ta, tana amsa masa lafiya lau.

Na tambaye shi abin da ya hana shi dawowa tun da wuri. Ya ce, “Na riga na aiko muku lafiya lau. Na sake aikowa. Kowace ɗaya sai ta ƙara mini nisa da gida. Mutumin da aka ce yana Faransa lafiya lau, ya sauko daga jirgin ƙasa da tari da akwati ɗaya? Ku kuma kuka aiko kuna lafiya lau. Na ce to, babu abin da ya ragu a gidan don ba na nan.”

A nan na gaya masa maganar Malam Bello da fassarar da na yi. Ya dube ni ya ce, “Turawa sun yi asarar albashi a kanka.” Iyakar hukuncin da ya yi mini ke nan.

Kada ka ɗauka ina ce maka mutanen can duka ƙeya ce. Wadda ta dawo mana da shi Baturiya ce, wata tsohuwa gwauruwa mai gidan hayar da yake ciki. Ya ce ita in ta ce ça va sai ta tsaya, ta riƙe ƙugu, ta zuba masa ido. In ya ce ça va sai ta ce ƙarya yake yi, ta tafi ta kawo miya. Ita ta kai shi asibiti, ita kuma daga baya ta ce masa ya tattara ya koma inda aka san sunan uwarsa. Ba ta taɓa jin Hausa ba, amma ta iya gaisuwa fiye da ni. Ka nemi mutum ɗaya irinta a can, wanda in ya tambaye ka zai tsaya ya ji. In ka same shi ka riƙe shi, ko wane ne, ko wane addini yake yi. Kai ma ka zama haka ga wani.

Sauran shekarunsa ya yi su yana biyan unguwa bashin gaisuwa, da sanda, ƙofa ƙofa, wannan karon da masu amsawa na gaske. Da ciwon ya kwantar da shi mutane suka yi ta zuwa, shi ne kuma ke riga su tambaya, tsakanin tari da tari, har sai ya ji labarin ɗan da ya tafi Ngaundere da akuyar da ta ɓata. In suka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, sannan ya juyo ya dube ni ya ce, “Wannan ka fassara ta da kyau.” Ƙasar da ya ba yatsunsa da ƙirjinsa ba ta aiko kowa ba. Tamu ma ba ta aiko ba. Amma ka ga jama’ar da ta sallace shi, har titi, har mutanen unguwar Elig-Edzoa da ban san ya san su ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Yanzu ga abin da nake roƙonka, ba shi da yawa.

Kafin ka hau jirgin Duwala ka ware yini guda ka bi unguwa ƙofa ƙofa. Ba sallamar tsaye ba. Ka durƙusa, ka ja gaisuwar har ƙarshe, ka bar tsofaffi su gaji da kai. Za ka buƙaci muryoyinsu a can.

In za ka rubuto, ka cika shafin farko da gaisuwa yadda aka saba, ka ce lafiya lau, ladabi ne, innarka ma za ta so ta ji. Amma a takarda ba a jin murya, ba zan iya sanin inda taka ta karkace ba. Saboda haka bayan gaisuwar ka sauko ƙasa ka rubuta mini abin da ke nan. In aikin ya ƙi, ka ce ya ƙi. In ka kwanta, ka ce ka kwanta, ka faɗi ciwon da sunansa. In kaɗaici ne kawai, shi ma ka faɗa, ba ƙaramin abu ba ne. Kuma duk ranar da ka ga zaman ya fi ƙarfinka, ka dawo. Babu wanda zai leƙa akwatinka a gidan nan. Ba zan yi ado da kai a bakin masallaci ba, na yi da wani na ga ƙarshensa. Ɗa nake so, mai diploma ko marar ita.

Tunda kuwa ba daidai ba ne in nemi abin da ban bayar ba, bari ni in fara. Ba na son tafiyar nan taka, ko da yake na san daidai ce, kuma na sa mata albarka da zuciya ɗaya. Ina jin tsoro. Sannan idanuna suna tafiya. Likita ya duba ya ce na hagu ya riga ya yi nisa, na dama yana bin sa, ba ya kuma jin magani zai tsayar da shi. Innarka ta sani, ku ne ban gaya wa ba. Wasiƙar nan a bakin ƙofa na rubuta ta, inda haske ya fi yawa, da kaɗan kaɗan, kuma mai yiwuwa amsoshin da za ka riƙa samu da hannun ƙanwarka za su zo, ita ce kuma za ta riƙa karanta mini naka. Na yi mata kashedi kada ta tsallake layi ko ɗaya don tausayina. Ban gaya maka don ka fasa ba. In ka fasa saboda ni, ka ƙara mini ciwo a kan ciwo. Na gaya maka ne don ka san yadda ake yi, kuma don in ka tashi yi mini sallama ka matso kusa, inda zan gan ka sosai.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya ba ka abin da ka je nema, Ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe da na sanyi. Allah Ya sa kada ka rasa mai tambayarka ya tsaya. Ya dawo mana da kai a lokacin da ya fi alheri, ko ina gani ko ba na gani, muryarka ta ishe ni. Allah Ya yi maka albarka, amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa